Marigayi Arthur Ashe: Rayuwar Zakaran Tanis Ta Fuskar Wasan 'Yan Bibbiyu

A ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta na kowace shekara, manyan 'yan wasan ƙwallon tanis na duniya sukan hallara a birnin Washington domin wata gasa da ake yi a dandalin shaƙatawa na Rock Creek, daura da titi na 16. An soma wannan gasa a shekarar 1969, kuma in ban da shekarar 2020 da annobar korona ta hana, ba a taɓa fasa ta ba. Duk wanda ya duba jerin sunayen waɗanda suka ci ta zai tarar da sunan Arthur Ashe sau biyu, wato a 1973 da ya zama zakara a wasan ɗaiɗai, da kuma 1978 da ya ci kofin wasan 'yan bibbiyu na maza. To amma hannun da yake da shi a wannan gasa ya wuce na cin kofi, domin kuwa shi ne ya kafa sharaɗin da ya sa aka girke ta a wurin da take.

Duniya ta fi sanin Arthur Ashe da nasarorin da ya samu shi kaɗai. Har yanzu shi ne namiji baƙar fata ɗaya tilo da ya ci wasan ɗaiɗai a gasar Wimbledon ta Ingila, da babbar gasar Amurka, da kuma ta Ostireliya. Sai dai wanda ya bi sawunsa a wasan 'yan bibbiyu zai fi fahimtar halinsa da irin gwagwarmayar da ya yi, saboda a can ne ya ci kofin da ya gagare shi a birnin Paris, a can ne kuma ya yi nasara a Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata, a can ne har ila yau tambayar da ta dame shi tsawon rayuwarsa ta fito fili: shin ana gyara zalunci ta hanyar shiga cikin masu yin sa a zauna da su, ko kuwa ta hanyar ƙaurace musu?

Ga wanda bai saba da tanis ba, filin wasan tsawonsa ƙafa 78 ne, an raba shi biyu da raga. Idan mutum ɗaya zai kara da ɗaya, faɗin filin ƙafa 27 ne. Idan kuwa biyu za su kara da biyu, sai a ƙara ƙafa huɗu da rabi ta kowane gefe, faɗin ya zama ƙafa 36. Ɗaya yakan tsaya baya ya soma buga ƙwallo, abokinsa yana gaba kusa da raga ya juya masa baya, yana jiran ya tare abin da za a mayar. Na gaba ba ya ganin abin da na baya yake yi, saboda haka dole ya amince da shi. Wasa ne da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a cikinsa, kuma kuskuren ɗaya asarar duka biyun ce.

An haifi Arthur Robert Ashe ranar 10 ga watan Yuli na 1943 a Richmond, babban birnin jihar Virginia, mai nisan mil ɗari da 'yan kai kudu da Washington. A wancan zamani doka ta raba baƙar fata da Turawa a makarantu da motocin haya da wuraren wasa a duk kudancin Amurka. Mahaifinsa shi ne mai kula da Brook Field, dandalin wasa mafi girma da aka keɓe wa baƙar fata a birnin, kuma gidansu a cikin dandalin yake, 'yan taku kaɗan daga filayen tanis. Mahaifiyarsa Mattie ta rasu a watan Maris na 1950 yana ɗan shekara 6, ta bar shi da ƙanensa Johnnie a hannun uba mai tsananin horo.

Wani ɗalibi mai suna Ron Charity ne ya fara koya masa wasan yana ɗan shekara 7. Da ya kai shekara 10 sai aka kai shi garin Lynchburg wurin Dokta Robert Walter Johnson, likita baƙar fata wanda ya gina filin tanis a gidansa, wanda kuma shi ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon a 1957. Likitan ya horar da yaransa a kan kada su yi gardama da alƙalin wasa, kuma duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi har ana shakka a kanta, su bar wa abokin karawa. Dalilinsa shi ne kada a samu hujjar korar su daga gasar Turawa da sunan rashin ladabi. Wannan horo shi ya zama tushen natsuwar da aka san Ashe da ita, ya kuma zama sanadin sukar da wasu 'yan'uwansa baƙar fata suka yi masa daga baya cewa ya cika sanyi.

A Richmond ba a yarda ya kara da yaran Turawa ba, ba a kuma bar shi ya shiga filayen dandalin Byrd da aka keɓe musu ba. Don haka a 1960 ya ƙaura zuwa birnin St. Louis ya ƙarasa makarantar sakandare, daga nan ya samu gurbin karatu a Jami'ar California da ke Los Angeles. A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin ƙungiyar da ke wakiltar Amurka a gasar kofin Davis ta ƙasa da ƙasa. A 1965 ya ci gasar jami'o'in Amurka a wasan ɗaiɗai, kana ya haɗa kai da Ian Crookenden ɗan ƙasar New Zealand suka ci ta 'yan bibbiyu. Yaron da shekaru biyar baya ba a bari ya tsaya da Bature a tsallaken raga a garinsu, ga shi yanzu da Bature a gefe guda na ragar suna raba kofi.

Bayan ya kammala digiri a fannin harkokin kasuwanci a 1966, ya shiga soja a matsayin ƙaramin hafsa, aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta West Point. Ƙanensa Johnnie, wanda ke cikin rundunar sojan kundunbala, ya nemi a sake mayar da shi fagen yaƙin Biyetnam karo na biyu domin kada a tura wansa, kasancewar hukumomin soja ba su cika tura 'yan'uwa biyu fagen daga a lokaci guda ba. Wannan sadaukarwa ta ba Arthur damar ci gaba da wasa.

Shekarar 1968 ta sauya tanis, ta kuma sauya Ashe. A shekarar ce aka buɗe manyan gasa ga masu wasa don kuɗi, bayan an daɗe ana keɓe su ga 'yan sha'awa kawai. A watan Maris ya yi jawabinsa na farko kan halin da baƙar fata ke ciki, a wata majami'a da ke Washington, abin da bai yi wa shugabanninsa na soja daɗi ba. Makonni kaɗan bayan haka aka kashe Martin Luther King ranar 4 ga watan Afrilu, tarzoma ta ɓarke, aka ƙone unguwanni da dama na birnin. A watan Satumba ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan a turmi biyar, ya zama zakaran farko na sabuwar gasar Amurka. Da yake har lokacin soja ne kuma ɗan sha'awa, dala 14,000 ta wanda ya zo na ɗaya Okker aka ba, shi kuwa ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a kowace rana. A wannan gasa ya kai wasan ƙarshe na 'yan bibbiyu tare da Andres Gimeno ɗan ƙasar Sifen, amma Stan Smith da Bob Lutz suka rinjaye su.

A cikin wannan yanayi ne Donald Dell, lauya mazaunin yankin Washington wanda ke shugabantar ƙungiyar kofin Davis ta Amurka, ya yi shawarar kafa gasa a babban birnin ƙasar tare da abokinsa John Harris. Kamar yadda Dell ya sha bayyanawa, Ashe ya yarda zai riƙa shiga gasar bisa sharaɗin kada a kai ta kulob ɗin masu hannu da shuni inda baƙar fata ba sa shiga sai a matsayin ma'aikata, a yi ta a dandalin gwamnati, a unguwar da baƙaƙe da farare ke zaune tare, yadda kowa zai iya sayen tikiti ya kalla. Haka aka zaɓi mahaɗar titi na 16 da titin Kennedy. Ashe ya kai wasan ƙarshe a 1969 da 1970 bai yi nasara ba, sai a 1973 ya ci, inda ya sake doke Tom Okker. Kazalika a 1969 ya haɗa gwiwa da Charlie Pasarell da Sheridan Snyder suka kafa ƙungiyar koyar da tanis ga yaran talakawa a biranen Amurka.

A shekarun da suka biyo baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan bibbiyu. Bugunsa na farko yana da ƙarfi, yana kuma da saurin rugawa gaban raga, abubuwa biyu da wannan wasa ya fi bukata. A 1970, shekarar da ya ci gasar Ostireliya shi kaɗai, shi da Pasarell sun kai wasan ƙarshe a Paris, Ilie Nastase da Ion Tiriac na Romaniya suka doke su. A 1971 ya dawo tare da Marty Riessen. Tom Gorman da Stan Smith suka cinye turmi biyu na farko, saura ɗaya su ɗauki kofi, amma Ashe da Riessen suka farfaɗo suka ci uku a jere, na ƙarshen da ci 11 da 9. Gasar Faransa, wadda ake yi a kan jar ƙasa, ita ce kaɗai cikin manyan gasa huɗu da bai taɓa ci shi kaɗai ba. Da abokin tafiya ya samu shiga jerin zakarunta. A wannan shekara ya kuma kai wasan ƙarshe a Wimbledon tare da Dennis Ralston, inda Rod Laver da Roy Emerson suka yi galaba a kansu.

Dangantakarsa da Afirka ta soma ƙarfi a wannan lokaci. A 1970 shi da Stan Smith sun zaga ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Gana da Kenya, suna koyar da yara. A 1971 a birnin Yawunde na Kamaru ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah, ya yaba da basirarsa, ya sa baki hukumar tanis ta Faransa ta ɗauke shi horo. A 1978 su biyun suka shiga gasar Wimbledon a matsayin abokan wasa, a 1983 kuma Noah ya ci gasar Faransa.

Afirka ta Kudu ce ta fi tsaya masa a rai. Gwamnatin wariya ta hana shi biza a 1969 da 1970. Ya kai kukansa gaban wani kwamitin majalisar wakilai a Washington, ya kuma taka rawa wajen dakatar da ƙasar daga gasar kofin Davis a 1970. A watan Nuwamba na 1973 aka ba shi izinin shiga, ya tafi bisa sharaɗin ba za a raba 'yan kallo ta launin fata ba a filin Ellis Park na Johannesburg, ko da yake ba a cika wannan alkawari yadda ya so ba. Jimmy Connors ya doke shi a wasan ƙarshe na ɗaiɗai, amma a wasan 'yan bibbiyu shi da Tom Okker, mutumin da ya karɓi ladan nasararsa a 1968, suka ci kofi. Baƙar fata ya ɗaga kofi tare da Bature a ƙasar da doka ta haramta musu zama a benci guda.

Sai dai ba kowa ne ya yi murna ba. Da ya ziyarci Soweto, wasu sun tarbe shi da farin ciki, yayin da wasu ɗalibai da 'yan gwagwarmaya suka gaya masa a gaban idonsa cewa zuwansa ya wanke gwamnatin wariya ne a idon duniya, tun da za ta nuna hotonsa ta ce ai ana samun sauyi. Shi kuwa a lokacin yana ganin cewa yaron Soweto da ya ga baƙar fata mai 'yanci yana kayar da Turawa ba zai sake yarda cewa shi ƙasƙantacce ba ne. Ya sake komawa a 1974. To amma bayan kisan gillar da aka yi wa 'yan makaranta a Soweto a watan Yuni na 1976, ya daina wasa a ƙasar, daga baya kuma ya amsa cewa masu kiran a ƙaurace sun fi shi gaskiya.

Kafin nan ya riga ya kai ƙololuwar sana'arsa. Ranar 5 ga watan Yuli na 1975, yana gab da cika shekara 32, ya doke Connors a wasan ƙarshe na Wimbledon da ci 6-1, 6-1, 5-7, 6-4, ta hanyar rage ƙarfin bugu da sauya salon ƙwallo har abokin karawarsa ya rikice. A matsayinsa na zakaran Wimbledon ne ya isa Legas a watan Fabrairu na 1976 domin wata gasar ƙwararru. Ana cikin gasar, ranar Juma'a 13 ga wata, aka kashe shugaban ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar-Kanar Dimka ya jagoranta. Bayan kwana uku, yana tsakiyar karawa da Jeff Borowiak sai sojoji suka kutsa cikin filin suka kore su da bakin bindiga, saboda ƙasa tana cikin makoki. 'Yan wasan suka fake a ofishin jakadancin Amurka kafin a fitar da su daga ƙasar.

A watan Janairu na 1977 ya ci babban kofinsa na biyu na 'yan bibbiyu, a Ostireliya, tare da Tony Roche, inda suka doke tsohon abokinsa Pasarell da Erik van Dillen. A watan da ya biyo baya ya auri Jeanne Moutoussamy, mai sana'ar ɗaukar hoto, Andrew Young jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaura auren. An yi masa aiki a diddige, ya shafe kusan shekarar yana jinya, mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare.

Ya dawo a 1978 yana ɗan shekara 35, kuma a lokacin zafin shekarar ya ci kofin 'yan bibbiyu a Rock Creek, inda shi da Bob Hewitt suka doke Fred McNair da Raul Ramirez ɗan Meziko. Hewitt haifaffen Ostireliya ne amma Afirka ta Kudu yake wakilta. A daidai wannan lokaci Najeriya ta ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Edmonton ta Kanada saboda hulɗar wasanni da New Zealand ke yi da gwamnatin wariya, kamar yadda ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976. Abin da wannan haɗi ke nunawa shi ne, ko bayan da Ashe ya juya wa gwamnatin Pretoria baya, bai daina bambanta hukuma da ɗan wasa ɗaya ba. Shi Hewitt ƙarshensa bai yi kyau ba: a 2015 wata kotu a Afirka ta Kudu ta same shi da laifin fyaɗe ga 'yan matan da ya koyar, aka ɗaure shi, aka kuma cire sunansa daga zauren karrama gwanayen tanis.

A watan Yuli na 1979 Ashe ya samu bugun zuciya, aka yi masa tiyata a Disamba, ya yi ritaya a watan Afrilu na 1980. Daga 1981 zuwa 1985 ya shugabanci ƙungiyar kofin Davis ta Amurka, ta ci kofin a 1981 da 1982, da taimakon John McEnroe da Peter Fleming waɗanda suka yi fice a wasan bibbiyu, duk da cewa zafin ran McEnroe ya sha haɗa shi da shugaban nasa. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci kafa ƙungiyar 'yan wasa da masu fasaha da ke kiran a ƙaurace wa Afirka ta Kudu. Ranar 11 ga watan Janairu na 1985 'yan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin ƙasar a Washington, 'yan mil kaɗan daga filin da ya ci kofi tare da Hewitt. Bai sake zuwa domin wasa ba, amma a 1991, bayan an saki Nelson Mandela, ya ziyarci ƙasar cikin wata tawagar baƙar fatar Amurka.

A wajen tiyatar zuciya ta biyu da aka yi masa a 1983 aka ƙara masa jini, kuma likitocinsa sun yi imanin ta nan ya kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau, domin a lokacin ba a fara tantance jini ba. Bai sani ba sai a 1988, shekarar da ya wallafa tarihin 'yan wasa baƙar fata na Amurka cikin juzu'i uku. Ya ɓoye al'amarin saboda ƙaramar 'yarsa, har sai da ya ji jaridar USA Today tana shirin bugawa, sannan ya sanar da kansa ranar 8 ga watan Afrilu na 1992. Ragowar watanninsa ya ƙarar da su wajen wayar da kan jama'a game da cutar, a lokacin da ake ƙyamar masu ɗauke da ita. Ranar 9 ga watan Satumba aka sake kama shi a Washington, wannan karo a gaban fadar White House, yana nuna rashin amincewa da yadda ake mayar da 'yan gudun hijirar Haiti. Ranar 1 ga watan Disamba ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasu a birnin New York ranar 6 ga watan Fabrairu na 1993 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49.

An ajiye gawarsa a gidan gwamnan Virginia domin jama'a su yi ban kwana da shi, gwamnan kuwa a lokacin Douglas Wilder ne, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a Amurka. A 1996 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Monument na Richmond, inda a da sai na shugabannin kudu da suka yi yaƙi don kare bauta; an kawar da nasu a 2020 da 2021, nasa ya saura. A 1997 aka sa wa babban filin gasar Amurka sunansa. A cikin wannan fili ne Frances Tiafoe, ɗan wasu 'yan ƙasar Saliyo da suka yi ƙaura, ya buga wasan kusa da na ƙarshe a 2022, baƙar fatar Amurka na farko cikin maza da ya kai wannan mataki a gasar tun bayan Ashe a 1972. Tiafoe ya tashi ne a jihar Maryland, a bakin iyakar Washington, ya kuma koyi wasan a wata cibiyar tanis da ke College Park, inda mahaifinsa ke aikin kula da filaye.